Mai Hoton Ciki da Hantar da Ba Ta Kuka da Wuri

Ɗakin ba shi da girma. Gado ɗaya ne mai shimfiɗar leda, sai labule mai kauri da aka ja ya tare hasken rana, sai na'ura a kan tebur mai ƙafafun taya. A waje, a kan dogon benci, kusan duk masu jiran layi mata ne masu juna biyu, kowace da katinta na awo a hannu. Namiji ɗaya ne a cikinsu, magidanci daga wani ƙauye na wajen Maiyama, ya sunkuyar da kai, ya ja babbar riga ya rufe cikinsa da ya yi tulu, wuyansa kuwa ya rame kamar na wanda ya tashi daga doguwar jinya. Kunya ce ta dame shi fiye da ciwon. A saninsa, da sanin mafi yawan mutanenmu, sikanin aikin mata ne.

Da aka kira shi, mai hoton ya ce, "Baba, a kwanta rigingine, a ɗaga hannun dama sama da kai." Ya matso wani ruwa mai kauri da sanyi kamar koko ya shafa masa a ƙasan haƙarƙari, ya ɗauki kan na'urar, wanda bai wuce girman sabulun wanka ba, ya ɗora. "A ja numfashi sosai, Baba. A riƙe. Yawwa." Daga nan bai sake duban fuskar mutumin ba. Idonsa na kan allo, hannunsa na dama yana tafiya a kan fata, yana karkatawa, yana dannawa, yana kutsawa tsakanin haƙarƙari, na hagu kuma yana kan maɓallai. Ni da nake tsaye a gefe ban ga komai a allon ba sai toka-toka da baƙi-baƙi suna motsi kamar hadari. Shi kuwa karatu yake yi.

Wannan ita ce sana'ar, kuma ta fi yadda ake ɗaukarta wuya. Kan na'urar sauti yake fitarwa, sautin da kunnen mutum ba ya ji, domin kunnenmu ba ya kama abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na hoton ciki kuwa yana kaɗawa sau miliyan uku zuwa biyar. Sautin yana ratsa tsoka da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi abin da ya tarar, ya dawo kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, na'ura ta auna lokacin da ya ɗauka da ƙarfin da ya dawo da shi ta zana hoto. Ruwa yana fitowa baƙi ƙirin, saboda sauti na wucewa ta cikinsa salin alin. Ƙashi da dutsen matsarmama suna fitowa fari fat, da inuwa a bayansu. Iska kuwa babbar abokiyar gaba ce, ita ce ta sa ake shafa wancan ruwa mai kauri don kada ta shiga tsakanin fata da na'ura, ita ce kuma ta sa ake cewa mutum ya zo bai karya ba, ya yi awa shida ko takwas bai ci komai ba, don hanji ya kwanta, matsarmama ta cika. Jan numfashin nan ma da dalilinsa: huhu in ya cika yana turo hanta ƙasa, ta fito daga maɓoyarta a bayan haƙarƙari.

Bambancin wannan hoto da na ƙashi shi ne, na ƙashi ana ɗauka a ba ka a hannu, ka kai wa likita goma kowa ya duba. Na sikanin kuwa a lokacin da hannu yake tafiya ake yin sa. Lungun da mai hoto bai leƙa ba, ba ya cikin hoton har abada. Hanta kuma gaɓa ce mai lunguna. Masana sun kasa ta kashi takwas, kuma na can sama, ƙarƙashin huhu, su ne suka fi wuyar kamawa. Mutanen Aliero sun san wannan magana tun kafin zuwan na'ura. Garin da ya yi suna da ɗori, har ana kawo masu karaya daga Nijar da Binin, ya san cewa akwai ilimin da yake zaune a tafin hannu, wanda sai an shekara ana gogawa a gaban malami kafin ya zauna. Mai hoton ciki ɗan uwan maɗori ne ta wannan fuska, sai dai shi hannunsa da idonsa ne suke aiki tare.

Hanyar shiga sana'ar ba ɗaya ba ce. Akwai likitan da ya gama karatun likitanci ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a fannin hoto, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Akwai wanda ya yi digirin shekara biyar a kimiyyar ɗaukar hoton jiki, kamar yadda ake koyarwa a Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi shekarar sanin makamar aiki, ya yi rajista da hukumar masu wannan aiki da aka kafa da dokar soja a 1987. Sai kuma wanda ya yi kwas na 'yan makonni, ya sayi tsohuwar na'ura, ya kama shago a bakin titi. Wannan na ƙarshe yana iya gane kwanciyar jariri da bugun zuciyarsa, kuma a wurin da babu kowa, ko wannan ma taimako ne. Amma hanta ta fi ƙarfinsa, kuma ina ganin zalunci ne a karɓi kuɗin talaka a ce an duba masa hanta alhali ba a san abin da ake nema ba.

Na'urar kanta a hannun likitan mata ta girma, shi ya sa ba laifin mutanenmu ba ne da suka ɗauke ta ta masu ciki. Ian Donald, likitan haihuwa a birnin Glasgow, shi da wani matashin injiniya Tom Brown da likita John MacVicar, su ne suka wallafa binciken da ya buɗe ƙofar a 1958, bayan sun ari dabarar daga na'urar da masu ƙira suke neman tsaga a cikin ƙarfe da ita. Daga baya ne aka gane cewa hanta, da yake tsoka ce mai laushi da santsi, tana cikin gaɓoɓin da suka fi karɓar wannan hoto.

Abin da mai hoto yake fara dubawa shi ne launi. Yana jera hanta da ƙodar dama a allo ɗaya. Lafiyayyar hanta ta ɗan fi ƙoda haske kaɗan, kuma sumul take kamar garin da aka tankaɗe. In ta yi fari sosai, kitse ne ya kwanta mata. In ta yi tsakuwa-tsakuwa, gefenta ya yi gargada maimakon santsi, ta ƙanƙance, to ta daɗe tana ciwo har ta yi tabo ta taurare. Sai ya auna babbar jijiyar da ke kawo mata jini daga hanji, wadda bai kamata faɗinta ya wuce milimita 13 ba, ya koma hagu ya duba saifa ko ta kumbura, ya duba ko ruwa ya taru. Bayan wannan ne yake shiga farautar abin da ya fi tsoro, wato ƙari.

A nan ake gane gwani. A ƙasarmu ta fadama, inda yara ke wanka a Gulbin Zamfara, manya ke wuni cikin ruwan shinkafa, akwai nau'in tsargiya da ke kama hanji da hanta, ta sa jijiyoyin hanta su yi kaurin bango su fito fari a allo, saifa ta kumbura, mutum ya yi aman jini. Wannan ba kansa ba ce, kuma maganinta daban. Akwai ƙurjin cikin hanta mai tara mugunya, wanda ke zuwa da zazzaɓi da zafi a gefen dama, ana warkewa daga gare shi sarai in an ba da magani ko an zuƙe. Akwai ɗan dunƙulen jijiyoyi fari tas da mutum zai rayu da shi har tsufa bai cutar da shi ba. Akwai kuma kansar da ta taso daga hanji ko nono ta yi ƙaura zuwa hanta. Duk waɗannan a idon wanda bai ƙware ba "ƙari" ne. Kuskure ɗaya zai sa a sallami mai ƙurji gida a ce a yi ta addu'a, ko a ba mai kansa ƙwayoyin ƙurji wata biyu.

Magidancin nan na Maiyama bai ba mai hoto wahalar nema ba. Abin ya cinye ɓangaren dama na hantar, ya fi girman albasar Aliero, ya haifi 'ya'ya a ɓangaren hagu, ya kuma toshe babbar jijiya. Ruwa ya cika ciki. Mai hoton ya tsayar da hoto, ya auna, ya goge masa ciki da tsumma a hankali, ya ce, "Sannu, Baba. Za a kai wa likita takarda, shi zai yi bayani." Na ga yadda ya daɗe yana rubutun takardar nan.

Ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun a 1977 Fakunle da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Zariya, cikinsu har da Brian Greenwood wanda daga baya ya jagoranci cibiyar bincike ta Gambiya, suka wallafa bayanin kansar hanta a yankinmu. Shekara arba'in bayan haka, a 2017, wani ayarin masu bincike da Lewis Roberts, ɗan asalin Gana mai aiki a asibitin Mayo na Amurka, yake cikin jagororinsa, ya tattara bayanan marasa lafiya 2,566 daga Masar da wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya. A Masar, tsakiyar shekarun waɗanda cutar ta kama 58 ne, a sauran ƙasashen kuwa 46. Rabin marasa lafiyar da ke wajen Masar ba su wuce wata biyu da rabi a duniya ba daga ranar da aka gano ciwon. Shekara 46 fa, lokacin da mutum yake tsakiyar ɗawainiya, yaransa ba su kawo ƙarfi ba, iyayensa sun tsufa.

Dalilin da ya sa take kama mu da ƙuruciya sananne ne. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda Baruch Blumberg ya gano alamarta a jini har ya sami kyautar Nobel a 1976, a nan yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, daga uwa wajen haihuwa ko tsakanin yara a gida, ko ta aska da reza da allurar da aka yi tarayya. Wanda ya ɗauka yana jariri, tara cikin goma tana zauna masa har abada, tana cin hanta shiru shekara talatin ko arba'in. Palmer Beasley ya bi maza 22,707 a Taiwan, ya wallafa a 1981 cewa cikin mutum 41 da kansar hanta ta kashe, 40 masu ɗauke da ƙwayar ne. Babban binciken da gwamnatin Najeriya ta yi gida-gida a 2018 ya sami ƙwayar a jinin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Duk wanda ya san cikar kasuwar Jega, ya ƙirga mutum goma sha biyu a layin 'yan albasa ko na 'yan hatsi, ya san ɗaya daga cikinsu yana iya kasancewa a wannan lissafi.

Sai kuma fumfuna. Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba aka zuba a rumbu ko buhu, wani fumfuna yana kama su ya bar dafin da wuta ba ta kashewa. An gano dafin ne bayan 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin gyaɗar da aka kawo daga Burazil. Wanda yake da ƙwayar B kuma yake cin wannan dafi, haɗarinsa ninkuwa yake yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, gyaɗa mai kyau ita ake kai wa kasuwa, tsintar da ta rage, mai baƙi-baƙi da ɗaci, ita ce takan ƙare a ƙuli-ƙuli da miyar gida.

Hanta ba ta kuka da wuri. Cikinta ba ya jin zafi, sai ƙari ya girma ya miƙe fatar da ta lulluɓe ta sannan mutum ya ji nauyi a gefen dama. Kafin ido ya yi ɗorawa a ce shawara ce, kafin ciki ya kumbura a ce sammu ne ko jifa, aiki ya riga ya yi nisa. Kawuna ɗan kasuwar albasa ne, mutum mai ƙarfi da ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba. Da ya fara ramewa aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙo. Da abin ya ƙi, aka kai shi wani shagon hoto, aka ɗora na'ura bai fi minti uku ba, aka rubuta layi biyu cewa hanta ta ɗan kumbura. Wata huɗu bayan haka, a babban asibiti, wani mai hoto ya kwashe kusan rabin awa a kansa, ya fito ya kira yayana gefe. Na sha tambayar kaina ko da na farkon ya nutsu da an tarar da wani abu. Abin da na tabbata shi ne, da an gwada jinin Kawu shekara goma kafin nan, da an san yana cikin waɗanda ya kamata a riƙa dubawa.

Wannan shi ne babban abin da masu bincike suka ba wa sana'ar. A Shanghai ta ƙasar Sin an ɗauki mutum 18,816 masu ciwon hanta, 'yan shekara 35 zuwa 59, aka kasa su biyu. Kashi ɗaya ana yi musu hoton ciki da gwajin jini duk wata shida, ɗayan kuma aka bar su yadda aka saba. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna mace-macen kansar hanta sun ragu da kashi 37 cikin 100 a cikin waɗanda ake dubawa. Wata shidan nan ma ba da ka aka yanke shi ba, an yi la'akari ne da tsawon lokacin da ƙari yakan ɗauka kafin ya ninka girmansa. Ƙarin da aka kama bai wuce santimita biyu ko uku ba, kamar ƙwallon goro, ana iya yanke shi, ko a soka masa allura a ƙone shi da zafi, mutum ya ci gaba da nomansa shekaru.

Masu binciken sun kuma faɗi iyakar na'urar, kuma ina girmama su da wannan gaskiya. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bincike da yawa ya nuna cewa hoton ciki shi kaɗai ba ya kama ko rabin ƙananan ƙari, amma in an haɗa shi da gwajin jinin da ake kira AFP yana kaiwa kimanin 63 cikin 100. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce abin da bai kai santimita ɗaya ba a sake duba shi bayan wata uku, wanda ya wuce haka a tura mai shi hoton CT ko MRI da allurar rini. Hikimar wannan hoto na biyu tana da daɗin ji. Lafiyayyar hanta kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar hanji yake zuwa, kansa kuwa daga jijiyar da ke ɗauko jini kai-tsaye daga zuciya take sha. Don haka in an ɗura rini, ƙarin ne yake fara haskawa tun sauran hanta tana duhu, bayan ɗan lokaci kuma ya dushe a lokacin da ita take haske. Likitan da ya ga wannan a hantar da ta taurare yana iya yanke hukunci ba tare da an tsaga an ɗebo tsoka ba. A 2011 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da tsarin LI-RADS don masu hoto a ko'ina su riƙa ba abin da suka gani suna iri ɗaya. Ga mutumin Jega, wannan mataki na nufin kuɗin mota zuwa Birnin Kabi ko Sakkwato, da kuɗin hoton da ya fi ƙarfin buhunan albasa da yawa, shi ya sa nauyin da ke kan mai ƙaramar na'ura ya fi na takwaransa na Turai.

An gwada abin a ƙasa irin tamu. Shirin PROLIFICA, wanda ya fara a 2011 a Gambiya da Senigal da Najeriya tare da masanan Kwalejin Imperial ta Landan, ya shiga ƙauyukan Gambiya yana tsaga yatsa yana gwada jini. An gwada kusan mutum 6,000, aka sami ƙwayar a kusan 9 cikin 100, aka kira su asibiti aka yi musu hoton ciki da awon taurin hanta, aka ɗora waɗanda suka cancanta a kan ƙwayar tenofovir, guda ɗaya a rana. A ɓangaren Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ne ya riƙe aikin, inda Edith Okeke da Nimzing Ladep suka yi aiki, har Ladep ya wallafa bincike a 2014 kan gano alamun kansar hanta a cikin fitsari. Abin da ya burge ni a aikin Gambiya shi ne mutanen karkara sun amsa kira da aka je musu har gida aka yi musu bayani da harshensu. Ban ga abin da zai hana mutanen Jega da Aliero da Maiyama amsawa ba. Garin Jega yana kan mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kabi da Yawuri, yana da babban asibiti, yana da kwalejin da ke yaye ma'aikatan lafiya, ga jami'ar kimiyya a Aliero tun 2006. Rigakafin nau'in B kuwa yana cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko, wadda ta fi kowace muhimmanci, a cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, abin da ke kufce wa yawancin jariran da aka haifa a ɗaki.

Akwai wani abu da na lura da shi a teburin mai hoton nan, wanda ban gani a shagon da aka fara kai Kawu ba: babban littafi mai bangon kwali, an ja masa layuka da biro. Duk wanda aka duba, ana rubuta shekarunsa, garinsu, sana'arsa, ko an gwada jininsa, faɗin jijiya, girman ƙari da ɓangaren da yake. Aikin Zariya na 1977 daga irin wannan rubutu ya taso, haka ma alƙaluman 2017. Da kowane ɗakin hoto daga Jega zuwa Koko yana da irinsa, da cikin shekara biyar ɗalibin jami'ar Aliero ko likitan Birnin Kabi zai iya cewa ga ƙauyukan da ciwon ya fi yawa, ga shekarun da yake kamawa, ga inda tsargiya ta fi kansa, a kai wa hukuma magana mai hujja.

Kafin magidancin nan ya fita, mai hoton ya tambayi saurayin da ya rako shi, "Kai ɗansa ne?" Ya ce e. "Ku nawa ne ɗaki ɗaya? Baba yana da ƙanne?" Yaron ya lissafa. Mai hoton ya yago takarda ya rubuta sunan gwajin jinin, ya miƙa masa, ya ce kowa a gidan ya yi, manya da yara. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, wanda yake da ita ya ga likita, kuma ya dawo nan duk wata shida ko da yana jin kansa garau, sau ɗaya bayan an cire albasa, sau ɗaya bayan kaka. Yaron ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya kama hannun mahaifinsa suka fita. Mai hoton ya goge kan na'urar, ya gyara ledar gado, ya leƙa waje ya kira ta gaba.